Idan adalci da jinƙai suka yi kamar za su yi karo, me Kirista zai yi?

Ɗan'uwa, ka rubuto cewa kana cikin dattawan ikkilisiyarku, kuma an gano cewa ma'ajinku ya taɓa kuɗin da aka tara domin gwauraye da marayu. Ka ce dattawa sun rabu biyu. Wasu suna so a yafe masa a rufe maganar domin an kira mu ga jinƙai, wasu kuma suna so a tsige shi a sanar da jama'a domin Allah mai adalci ne, kuma kowane ɓangare yana kafa hujja da Mika 6:8, inda annabin ya ce abin da Ubangiji yake nema a wurin mutum shi ne ya yi adalci, ya ƙaunaci jinƙai, ya kuma yi tafiya da Allahnsa cikin tawali'u. Kana so ka san wanne ne yake gaba da wani, da kuma yadda mutum zai rayu da ukun a lokaci guda.

Abin da nake gani shi ne gardamar taku ta taso ne domin ba a tsaya an tambayi haƙƙin wane ne ake magana a kansa ba. Jinƙai da haƙƙin kanka ake yin sa, adalci kuwa shi ne ka tsare haƙƙin wani, musamman wanda ba shi da ƙarfin ƙwatar nasa. Mutum yana da ikon yafe bashin da yake bi, amma ba shi da ikon yafe bashin da gwauruwa take bi alhali ba a ko tambaye ta ba. Kafin in zo kan maganar ma'ajin, ya kamata mu duba inda ayar ta fito, domin an saba tsinko ta ita kaɗai a rubuta a bango, a bar abin da ke kewaye da ita.

Mika mutumin Moreshet ne, wani ƙaramin gari da ke kudu maso yammacin Urushalima, ya kuma yi annabci a zamanin sarakunan Yahuza uku, wato Yotam da Ahaz da Hezekiya, a rabi na biyu na ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A zamaninsa ne Samariya ta faɗa hannun Assuriyawa wajen shekara ta 722, kuma a 701 Sennakerib sarkin Assuriya ya ci garuruwan Yahuza masu garu, har da Lakish da ke kusa da garinsu. Duk da haka, abin da ya fi cin ransa ba rundunar baƙi ba ce. A sura ta 2 ya yi magana a kan masu kwana suna ƙulla mugunta a gado, gari na wayewa su aikata domin suna da iko, su ga gona su yi ƙyashinta su ƙwace, su ga gida su karɓe. A sura ta 3 ya ce shugabanni suna yanke shari'a don cin hanci, firistoci suna koyarwa don lada, annabawa suna duba don kuɗi, sa'an nan dukansu su jingina ga Ubangiji suna cewa ai yana tsakiyarsu, babu masifar da za ta same su. A sura ta 6 kuma ya ambaci tauye mudu da ma'aunin algus da jakar duwatsun awo na ƙarya. Wannan yana da muhimmanci ga tambayarka, domin mutanen da aka yi wa wannan faɗa ba waɗanda suka bar Haikali ba ne. Masu ibada ne, masu kai hadaya a kan kari, kuma wasunsu su ne ma'aikatan ɗakin Allah.

Sura ta 6 an tsara ta kamar zaman shari'a. Ubangiji ya kira duwatsu su zama shaidu, ya tambayi jama'arsa abin da ya yi musu da suka gaji da shi, ya tuna musu cewa shi ya fito da su daga Masar, ya fanshe su daga gidan bauta, ya aiko musu Musa da Haruna da Maryamu. Amsar da jama'a suka bayar ita ce ta ɗan ciniki. Suka fara taya Allah da 'yan maruƙa bana ɗaya, suka ƙara zuwa dubban raguna, suka haura zuwa kogunan mai dubu goma, daga ƙarshe suka kai ga ɗan fari. Wannan na ƙarshen ba zuguguwa ba ce kawai, domin 2 Sarakuna 16:3 ya nuna cewa sarki Ahaz ya miƙa ɗansa a wuta. Mutanen da suka saba sayen alƙali sun ɗauka cewa Allah ma yana da farashi, sai dai nasa ya fi tsada. A nan ne aya ta 8 ta shigo, ta kuma fara da cewa an riga an nuna wa mutum abin da yake mai kyau. Ba a kawo musu sabon abu ba, an mayar da su ne ga abin da suka sani suke gudu.

Abu biyu ne suke fitowa daga wannan tsari. Fansa ta riga umarni, saboda haka ayar ba hanyar sayen ceto da kyawawan ayyuka ba ce, kamar yadda Bulus ya jera su a Afisawa 2:8-10, inda ya ce ta wurin alheri aka cece mu, sa'an nan ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Haka kuma ayar ba ta soke sujada ko baiko ba. Lokacin da Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 cewa suna fitar da ushirin na'ana'a da sauran ƙananan ganyayen ƙamshi amma sun yar da manyan al'amuran Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci, ya ƙara da cewa ya kamata su yi waɗannan ba tare da barin waɗancan ba.

Adalcin da Mika yake nufi ba wani tunani ne mai yawo a sama ba, domin Shari'ar Musa ta riga ta zayyana shi dalla-dalla, kuma duk wanda ya karanta ta da natsuwa zai yi mamakin yadda ta shiga ƙananan abubuwa. A biya ɗan ƙodago ladansa kafin rana ta faɗi, domin shi matalauci ne, a kan ladan ya sa ransa (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, domin wannan daidai yake da karɓar ran mutum jingina. Mai bin bashi kada ya shiga gidan wanda yake bi don ɗaukar jingina, ya tsaya a waje a fito masa da ita, kuma idan mayafin matalauci ne, a mayar masa kafin dare domin ya sami abin rufa. Mai gona kada ya girbe gefen gonarsa ƙaf, kada kuma ya koma kala, ya bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Abin lura shi ne wannan kalar ba sadaka ba ce da mai gona zai yi idan ya ga dama, haƙƙin matalaucin ne da Allah ya yanka masa a cikin gonar wani. A shekara ta hamsin kuma gonakin da aka sayar saboda talauci su koma ga iyalan da suka gada, domin ƙasar ta Ubangiji ce. Kusan duk waɗannan dokoki hannun mai ƙarfi suke ɗaurewa. Amma Littafin Firistoci 19:15 ya hana alƙali ya karkata ga matalauci kamar yadda ya hana shi jin nauyin babban mutum, wato tausayi ma ba ya halatta a karkatar da gaskiya.

Saboda haka Kiristan da yake so ya san ko yana yin adalci, ba sai ya fara da manyan matsalolin duniya ba, ko da yake su ma suna da wurinsu. Ya fara da lissafin mutanen da ke ƙarƙashin hannunsa: wanda yake biya albashi, wanda yake bi bashi, wanda yake masa aiki a gida, matarsa ko mijinta da 'ya'ya, ɗalibin da makinsa yake hannunsa, wanda shaidarsa za ta iya wankewa ko ta ɗaure. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce wa na farkon kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa na biyun kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su kuma gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Yawancinmu muna da kaifin ido ga zaluncin da aka yi mana, muna kuma da dalilai masu yawa na jinkirta haƙƙin da ke wuyanmu. Abin da annabin ya nema akasin haka ne, wato mu tsananta wa kanmu wajen biyan abin da ake binmu, mu sassauta wajen karɓar abin da muke bi.

A wannan sassaucin ne jinƙai yake zaune. Mika ya rufe littafinsa da cewa babu wani Allah kamar Ubangiji mai gafarta mugunta, wanda ba ya riƙe fushi har abada domin yana jin daɗin nuna madawwamiyar ƙauna, wanda zai jefa zunuban jama'arsa cikin zurfin teku (7:18-19). Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18 ya sa wa wannan adadi. Bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000 ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa bawa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙodago ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne, wato an yafe masa dinari miliyan 60, ya kasa yafe ladan aikin wata uku da 'yan kwanaki. Amma ka lura da wanda ya ɗauki asarar a cikin misalin. Sarkin dukiyarsa ya yafe, kuma abin da aka nema a wurin bawan shi ne ya yafe nasa dinari 100, ba na wani ba. Basamariyen da ya tsinci mutum a hanyar Yariko man zaitun ɗinsa da ruwan inabinsa ya zuba, dabbarsa ya ɗora shi, daga aljihunsa dinari biyu suka fito, ya kuma ɗauki alkawarin biyan sauran. Da Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi Unisimas, bawansa da ya gudu, bai ce masa ya manta da asarar ba domin dukansu Kiristoci ne. Ya ce idan Unisimas ya cuce shi ko Filimon yana binsa wani abu, a rubuta a kan Bulus, shi zai biya, ya kuma sa hannunsa a kan haka. Wannan shi ne tsarin gicciye kansa, inda Allah bai ce zunubi ba komai ba ne, sai dai ya ɗauki nauyinsa da kansa, domin ya zama mai adalci, mai kuma baratar da wanda ya gaskata da Yesu (Romawa 3:26).

To, idan muka dawo kan ma'ajinku, dattawan da suke cewa a yafe a rufe maganar suna shirin yin kyauta ne da abin da ba nasu ba. Kuɗin na gwauraye da marayu ne, amanar kuma ta waɗanda suka ba da baikon ce. Idan aka rufe, ba dattawa ne za su kwana da yunwa ba, kuma ba 'ya'yansu ne za a kora daga makaranta ba. Littafin Firistoci 6:2-5 ya yi magana kai tsaye a kan wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya: ya mayar da shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi a ranar da zai miƙa hadayarsa ta laifi. Ba a ɗora mana adadin kashi ɗaya cikin biyar a matsayin doka a yau ba, amma tsarin bai canja ba, domin Yesu ya ce wanda ya kawo baiko gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon ya je su shirya tukuna. Shi kuma Zakka mai karɓar haraji, da tuba ta shige shi, da bakinsa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, sa'an nan Yesu ya ce ceto ya zo gidan. Tubar da ba ta tambayi yadda za a mayar da kayan mutane ba, akwai alamar tambaya a kanta.

Kafin a kai ga haka, shi ma ma'ajin yana da haƙƙinsa na adalci, kuma masu zafin rai sukan manta da wannan. A tabbatar da abin da ya faru daga littattafan lissafi da bakin shaidu biyu ko uku, kamar yadda 1 Timoti 5:19 ya tanada, a kuma saurare shi, domin Karin Magana 18:17 ya ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya har sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. A san nawa ne ya ɓace, a wane lokaci, ko shi kaɗai ne, ko kuma akwai wanda ya umarce shi ya fitar da kuɗin zuwa wani aikin da baki ba tare da takarda ba, domin wannan yakan faru, kuma ƙaramin ma'aikaci ne yakan sha dukan. A tambaye shi dalili, ba domin dalili zai halatta abin ba, sai domin wanda ya taɓa kuɗi saboda ɗansa yana kwance a asibiti da wanda ya daɗe yana gina wa kansa dukiya ba magani ɗaya suke bukata ba.

Filin jinƙai a nan yana da faɗi, ya fi yadda ɓangarorin biyu suke zato. Ana iya ba shi lokaci ya biya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa. Dattawan da suke jin tausayinsa suna iya yin abin da Bulus ya yi, su haɗa kuɗi daga aljihunsu su cike gurbin yanzu domin kada gwauraye su jira, shi kuma ya biya su a hankali, ko su yafe masa idan sun ga dama, tun da a lokacin haƙƙin ya zama nasu. Wannan shawara takan bayyana wanda jinƙansa na gaske ne da wanda yake so kawai a kauce wa abin kunya. Ana iya tsare mutuncin matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su ci komai ba, a hana tsegumi, a ci gaba da gaishe shi da ziyartarsa, kada a mai da shi abin misali a kowane wa'azi. Yusufu mijin Maryamu, wanda Matiyu ya kira mai adalci, lokacin da ya zaci an ci amanarsa ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce domin kada ya tona mata asiri, kuma ya iya yin haka domin haƙƙin da yake gani an taɓa nasa ne. Ikkilisiyar Koranti ma, bayan ta hori wani mai laifi, Bulus ya rubuta musu cewa horon ya isa, su gafarta masa su ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8).

Game da sanar da jama'a, ra'ayina shi ne waɗanda suka ba da kuɗin suna da haƙƙin sanin cewa an sami giɓi, an gano musababbinsa, ana kuma kan mayarwa, amma ba su da bukatar jin kowane bayani na rayuwar mutumin. Hujjar da aka fi kawowa don rufa-rufa ita ce tsare sunan ikkilisiya, kuma ita ce hujjar da ta fi kowace cutar da ikkilisiya a zamaninmu. Duniya ta ga yadda shugabanni a ɗariƙu daban-daban suka ɓoye cin zarafin yara da sunan gafara da gudun abin kunya, suka sauya wa masu laifi wurin aiki, aka ƙara cutar da wasu yaran, kuma da gaskiya ta fito, ɓoyewar ta ɓata sunan Almasihu fiye da laifin farko. A irin wannan laifi, da duk wanda dokar ƙasa ta wajabta a kai rahotonsa, babu zancen sasantawa a cikin gida, domin Romawa 13:4 ya kira hukuma ma'aikaciyar Allah mai hukunta mai mugunta. Ko hukumar gaskiya da sulhu ta Afirka ta Kudu, wadda Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta, ta kuma fara zamanta a 1996, ba ta ba da afuwa haka kawai ba, ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne mai laifi ya bayyana dukan abin da ya aikata.

Saura tawali'u, kuma a ganina a nan ne taronku zai gyaru ko ya ɓaci. Mutane sukan ɗauka tawali'u shi ne sunkuyar da kai da sassauta murya da yawan cewa ni ba kowa ba ne, alhali mai girmankai yana iya koyon waɗannan duka cikin mako guda. Gwajinsa na gaskiya shi ne abin da mutum yake yi sa'ad da aka gaya masa ya yi kuskure. Uzziya, mahaifin Yotam, sarki ne da Allah ya taimaka har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi sai zuciyarsa ta kumbura, ya shiga Haikali zai ƙona turare. Firist Azariya da wasu firistoci 80 suka tare shi, ya husata, kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare rayuwarsa a keɓe (2 Tarihi 26). Hezekiya kuwa ya ji Mika, mutumin ƙauye, yana cewa za a nome Sihiyona, wato Urushalima, kamar gona, bai kashe shi ba, ya ji tsoron Ubangiji ya nemi tagomashinsa. Mun san haka ne domin kusan shekara 100 bayan nan, da aka so kashe Irmiya saboda irin wannan wa'azi, wasu dattawan ƙasar suka tashi suka tuna wa jama'a abin da Hezekiya ya yi da maganar Mika, wannan ya taimaka aka bar Irmiya da rai (Irmiya 26:17-19). A tarihin ikkilisiya ma, a shekara ta 390, bayan sojojin sarkin Roma Tiyodosiyus sun karkashe dubban mutane a Tasalonika, Bishop Ambros na Milan ya hana shi cin Jibin Ubangiji sai ya tuba, sarkin kuma ya tuba a gaban jama'a.

Tawali'u zai sa kowane ɓangare a cikinku ya binciki kansa kafin ya binciki ma'ajin, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masu neman a rufe su tambayi kansu ko za su faɗi haka da mai sharar majami'a ne ya ɗauki kuɗin, ko kuwa suna sassauci ne domin mutumin ɗan'uwansu ne, ko mai ba da baiko da yawa, ko domin ya san wani abu a kansu. Yakubu ya riga ya yi kashedi a kan ba mai zoben zinariya kujera a bar matalauci a tsaye, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti kada ya yi kome da son zuciya. Masu neman a tona su ma su tambayi kansu ko kukan gwauraye ne yake motsa su, ko tsohuwar gaba ce ta sami ƙofa. Bafarisiyen da ke Luka 18 bai yi ƙarya ba da ya ce yana azumi sau biyu a mako yana kuma ba da ushiri, amma ya koma gida ba a baratar da shi ba domin ya mai da zunubin wani abin auna tsarkinsa. Shi ya sa Galatiyawa 6:1 ya ce a komo da wanda aka kama da laifi cikin ruhun tawali'u, mai komowar kuma ya kula da kansa kada shi ma a jarabce shi.

Akwai kuma tambayar da dattawa ba sa son ji, wato wane ne ya bar kuɗin jama'a a hannun mutum ɗaya ba mai dubawa. Bulus, wanda babu mai shakkar amincinsa a cikinmu, bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa matalautan Urushalima shi kaɗai ba. Ya tafi da 'yan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili, cewa yana so a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane (2 Korantiyawa 8:18-21). Da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake su a rabon yau da kullum, manzanni ba su ce ana ɓata musu suna ba. Sun karɓi ƙorafin, suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su (Ayyukan Manzanni 6). Saboda haka sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi, da ƙirga baiko a gaban shaidu, da karanta rahoton kuɗi ga jama'a a kan kari, da kawo mai binciken lissafi daga waje, duk ba rashin yarda da juna ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma shugaban da ya ji haushi don an nemi ganin lissafinsa ya riga ya nuna inda matsalarsa take. Idan dattawa suka tsaya gaban jama'a, ya dace su fara da nasu sakacin kafin su ambaci laifin ma'ajin.

Game da muƙaminsa, ya sauka, kuma wannan ba ya saɓa wa gafara. Gafara ana bayar da ita ranar da mutum ya tuba, amana kuwa a hankali ake sake gina ta, kuma 1 Timoti 3:10 ya ce a gwada masu hidima tukuna kafin a ba su aiki. Mayar da mutum nan take kan abin da ya kayar da shi ba alheri ba ne gare shi. Ba kuma a rufe masa ƙofa har abada ba. Bulus ya ƙi tafiya da Yahaya Markus domin ya taɓa barinsu a tsakiyar aiki, har suka rabu da Barnaba a kan haka, amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. A ba ma'ajin wata hidimar da ba ta shafi kuɗi ba, a haɗa shi da dattijo ɗaya ko biyu da za su riƙa zama da shi suna addu'a suna kuma bin sawun biyan, a rubuta yarjejeniyar da adadinta da lokutanta domin kada a dogara ga tunanin kowa. Idan kuwa ya musanta abin da shaidu da takardu suka tabbatar, ko ya yi alkawari ya ƙi cikawa alhali yana da hali, sai a bi matakan Matiyu 18:15-17 har zuwa gaban ikkilisiya, kuma a wannan hali dattawa suna da damar neman haƙƙin gwaurayen ta hanyar hukuma, tun da su wakilai ne a kan kuɗin, ba masu shi ba.